Za A Iya Tafiyar Da Makaranta Kamar Kanti?

Ya ku iyaye, a 'yan shekarun nan waɗansu kalmomi sun shigo cikin zancen ilmi waɗanda dā sai a kasuwa ko a banki a ke jin su. In babban ma'aikaci ya tashi yin jawabi a kan makarantun Gwamnati, sai ku ji yana ambaton jari, da kwangila, da sakamako, da biya gwargwadon aiki. Abin da a ke nufi shi ne a tafiyar da makarantar Gwamnati yadda mai kamfani ya ke tafiyar da kamfaninsa. Watau a yanka wa kowa abin da zai cika, a auna shi, wanda ya cika a ba shi lada, wanda ya kasa kuwa a sallame shi. Wani lokaci ma har a ɗauko kamfani a ba shi kwangilar lura da makarantun.

Kada ku ce wannan zancen mutanen Abuja da Legas ne. Ya iso Jihar Kebbi tuni, ya kuma shafi yaron da ke fita da safe da littafinsa a Cheberu, cikin ƙasar Gwandu, da ɗan'uwansa na Kalgo. Yawancin 'ya'yanmu, Kirista da Musulmi, a benci ɗaya su ke zama a makarantar Gwamnati. Saboda haka mu da mu ke riƙe da alli mun ga ya kamata mu zauna da ku mu duba wannan salo, mu ga abin ɗauka a cikinsa da abin da za a yi hankali da shi.

Dalilin da ya sa aka nemi littafin ɗan kasuwa

Ba don banza aka nemi wannan hanya ba. Dattawanmu suna tune da watan Satumba na 1976, sa'ad da aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda a ke kira U.P.E. An yi shiri domin sababbin yara wajen miliyan 2 da dubu 300, sai ga fiye da miliyan 3 sun zo. Azuzuwa suka kasa, malamai suka kasa. Aka yi karatu a gindin itace, aka sa waɗanda aka yi wa horon gaggawa a gaban allo. Niyya mai kyau ce, amma ƙidaya ba ta yi daidai ba, yara ne kuwa suka sha wahalar.

Ran 30 ga Satumba 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da sabon shiri, U.B.E., a Sakkwato. A 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne, tilas ne kuma. Ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki. Amma babban rabo daga kuɗin yana da sharaɗi: sai jiha ta ajiye nata daidai da na Tarayya kafin ta karɓa. Sau da yawa biliyoyin naira sun kwanta a Abuja domin waɗansu jihohi ba su kawo nasu ba, alhali yara suna zaune a ƙasa.

In kuɗin ya fito kuma, doguwar hanya ce a gabansa. Daga Abuja ya zo Hukumar Ilmin Firamare ta jiha a Birnin Kebbi, wadda a ke kira SUBEB. Daga nan sai ofishin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, kamar na Gwandu ko na Kalgo, sa'an nan hedimasta. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi a ke cire shi. Tulun da ya bi hannuwa da yawa, da wuya ya isa gida a cike. A ko'ina cikin ƙasar nan an sha jin labarin sunayen da ke cin albashi ba mutum a bayansu, da ajin da aka gina iskar farko ta kwashe kwanonsa, da malamin da ba a ganinsa sai ƙarshen wata. Babu mai kantin da zai yarda a yi masa haka da dukiyarsa. To, don me za a yarda a yi wa 'ya'yan talakawa? A nan kam muna tare da masu wannan ra'ayi. A ƙidaya yara daidai. A san kowane malami da fuskarsa. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Yadda abin ya shigo Kebbi

A 2017 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 611 ga Nijeriya domin wani shiri mai suna BESDA. An zaɓi jihohi 17 inda yaran da ba sa zuwa makaranta suka fi yawa, Kebbi tana cikinsu, tare da Sakkwato, Zamfara, Katsina, Kano da sauran jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas. Abin da ya bambanta shirin da na dā shi ne yadda a ke biya. Dā a kan ba da kuɗi a ce a gina aji kaza, a sayi benci kaza. A wannan shiri kuwa sai an nuna sakamako tukuna. Jiha ta rage yawan yaran da ba sa makaranta, ta kyautata koyon karatu, ta yi ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, masu tantancewa su tabbatar, sa'an nan a biya ta. Daidai da yadda a ke yi da ɗan kwangila ke nan: a ga aiki, a sa hannu a takarda.

Akwai hikima a ciki. Yaron da ba wanda ya kula da shi dā, ɗan makiyayi a ruga, da almajiri, da yarinyar da ke talla, ya zama mai daraja a idon ofis, gama shigarsa makaranta za ta kawo wa jiha kuɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma mu da mu ke kiran rajista kowace safiya mun san wani abu. Sunan yaro a rajista dabam, zamansa a aji dabam, iya karatunsa kuma dabam. A ƙasarmu ta noma, aji ya kan cika a wani wata, ya zube a wani. Lokacin dashen shinkafa a fadama, da lokacin girbin gero, da ranar kasuwa, benci ya kan yi fili. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, ta kori iyalai daga gidajensu. Rubuta suna aikin minti ɗaya ne. Riƙe yaro shekara 6 har ya iya karanta wa mahaifinsa takardar asibiti, wannan aikin haƙuri ne. In kuɗi ya rataya a kan abu mai sauƙin ƙidaya, hankalin kowa zai koma can, mai wuyar kuwa a bar shi a baya.

Ba sabon abu ba ne

Waɗansu suna tsammani wannan dabara ta zamanin kwamfuta ce. Ko kusa. A 1862 wani ɗan majalisar Ingila mai kula da ilmi, Robert Lowe, ya kawo dokar biya gwargwadon sakamako. Kowace shekara sufeto ya kan zo ya jarraba yara a karatu, rubutu da lissafi. Makaranta ta kan sami sule 4 saboda zuwan yaro, da sule 8 in ya ci duka ukun. In ya faɗi ɗaya, a yanke sule 2 da kwabo 8. Me ya faru? Malamai suka koma sa yara haddar littafin da sufeto zai tambaya, har yaro ya iya rera shafi da ka ba tare da ya gane kalma ɗaya ba. Darussan da ba a biya dominsu, kamar tarihi da labarin ƙasa, aka yi watsi da su. Ɗaya daga cikin sufetocin, Matthew Arnold, ya yi ta sukar tsarin a rahotanninsa. Kafin ƙarnin ya ƙare Ingila ta bar shi.

Amma kafin ta bari ta riga ta aiko mana. Dokar ilmi ta 1882, wadda ta shafi Ikko, watau Legas, ta ɗora taimakon da Gwamnati ke ba makarantun mishan a kan abin da yara suka ci a jarrabawar sufeto. A 1916 Gwamna Lugga ya sake ma'aunin. Ya ba jarrabawa da ci gaban yara kashi 40 cikin 100, tarbiyya da tsari da ladabi kashi 30, yawan malamai da gwanintarsu kashi 20, gini da kayan aiki da tsabta kashi 10. Ko me za a ce game da mulkinsa, wannan rabo ya nuna an gane cewa makaranta ta fi takardar jarrabawa faɗi.

A zamaninmu ma an sake gwadawa. A 2002 Amurka ta yi doka wadda ta ɗora makomar makarantu a kan makin jarrabawa. A birnin Atlanta, binciken da aka fitar a 2011 ya sami malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a gyara amsoshin yara. A 2015 kotu ta sami 11 da laifi. Ba mu wanke su ba. Amma in aka ce wa mutum abincin iyalinsa yana rataye a kan lamba, kada a yi mamaki in ya bauta wa lambar.

Jarrabawar malamai a Kaduna

Misali mafi kusa da mu shi ne na Jihar Kaduna. A 2017 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa aka yi wa malaman firamare wajen dubu 33 jarrabawa a kan aikin aji 4, aka ce sai mutum ya ci kashi 75 cikin 100. Aka ba da sanarwa cewa 21,780 sun faɗi. Gwamnati ta sallame su, ta ce za ta ɗauki sababbi dubu 25. Ƙungiyar malamai ta N.U.T. ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018. Daga Zariya har Kafanchan ba gidan da zancen bai shiga ba. A 2018 kuma aka sallami fiye da dubu 4 daga cikin sababbin da aka ɗauka, aka ce su ma ba su cancanta ba. A 2022 aka sake sallamar fiye da dubu 2.

Mu malamai ne, amma ba za mu ɓoye gaskiya domin kunyar 'yan'uwa ba. Wanda bai iya lissafin aji 4 ba, bai kamata a ba shi aji 4 ba. Uban da ya ga takardun amsoshin da aka nuna a lokacin, ya yi fushi, yana da gaskiya. Sai dai akwai tambayoyin da jarrabawar ba ta yi ba. Wa ya ɗauki waɗannan mutane aiki tun farko? Wace kwaleji ce ta ba su takardar shaida? Ɗan siyasa nawa ne ya aiko da sunan yaronsa a takarda? Shekara nawa suka yi ba wanda ya kira su kwas? Ba mu ji an yi wa masu ɗauka aiki irin wannan jarrabawa ba. Ga kuma wata. Mai kanti in ya kori yaron kanti da safe, da yamma ya sami wani. Malamin da zai yarda ya zauna a ƙauye mai nisa da kwalta, ya iya harshen yaran, iyaye su amince da shi, ba a samunsa a rana ɗaya. A tsakanin korar tsoho da zuwan sabo, ajin yana nan, shekarar yaro kuwa ba ta jira.

Darasi daga cikin na'ura

Akwai wani salo kuma da ya fi kama da kamfani. A 2018 Jihar Edo, a zamanin Gwamna Obaseki, ta fara shirin EdoBEST tare da kamfanin Bridge, wanda ya soma buɗe makarantun kuɗi masu araha a Nairobi ta Kenya a 2009. Aka ba kowane malami ƙaramar kwamfuta ta hannu. A ciki an rubuta darasin ranar kalma bayan kalma, har da inda zai tsaya ya yi tambaya. Na'urar tana nuna wa ofis lokacin da malami ya iso, da ko ya gama darasin. Legas, Kwara da Bayelsa suka bi baya, sa'an nan Jigawa a nan Arewa, tare da uwar kamfanin, NewGlobe. Ba abin mamaki ba ne in wata rana an kawo mana irin wannan tayi.

Me aka gani? A 2022 wani masani mai lambar Nobel, Michael Kremer, da abokan aikinsa suka fitar da bincike a kan makarantun kamfanin a Kenya. Suka ce cikin shekara 2 'yan firamare sun ƙaru da abin da ya kusa karatun shekara guda fiye da takwarorinsu. Wannan abin dubawa ne. Darasi shiryayye yana taimakon malamin da bai sami horo sosai ba, zuwa a kan lokaci kuwa ba mai gardama a kansa.

Amma ku ji na Laberiya. A 2016 Gwamnatin ƙasar ta miƙa makarantunta 93 ga kamfanoni da ƙungiyoyi 8. Masu bincike suka tarar lalle karatu ya ƙaru. Suka kuma tarar an kashe kuɗi ninkin-ba-ninkin abin da Gwamnati ta saba kashewa a kan kowane yaro. Abin da ya fi ciwo, inda aka ƙayyade yawan yara a aji, dubban yara sun rasa gurbinsu a makarantar garinsu, malaman da ba a so kuma aka tura su sauran makarantu. Makin waɗanda suka rage ya yi kyau. Waɗanda aka fitar fa, a littafin wa aka rubuta su?

In aka kawo mana irin wannan, akwai tambayoyin da suka dace da ƙasarmu. A ƙauyen da ba lantarki, ina za a yi cajin na'urar? Darasin da aka rubuta a birni mai nisa, ya san yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Dakarci ko Zabarmanci? Nawa ne kuɗin kwangilar a kan kowane yaro, daga wane asusu kuma? In wa'adin kwangilar ya cika, ko Gwamnati ta sauya, me zai rage a hannun malami da makaranta?

Inda makaranta ta rabu da kanti

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar albasa ta Aliero ya ga yadda a ke yi. Mai saye ya kan sa a zube buhu, a tsince manya gefe guda, ƙanana gefe guda, wadda ta fara ruɓa a jefar. Ba mugunta ba ce, ciniki ke nan. In bai yi haka ba zai karye. Riba tana zuwa ne daga zaɓe da zubarwa.

Makarantar Gwamnati kuwa an kafa ta ne domin kada a zubar da kowa. Dokar 2004 ba ta ce yara masu kaifin ƙwaƙwalwa ba, ta ce kowane yaro. Yaron da ba ya ji sosai, da wanda shan inna ya taɓa, da maraya mai zuwa da yunwa, da yarinyar da ta shiga aji 1 tana da shekara 10, su ne su ke jawo makin makaranta ƙasa. A littafin ɗan kasuwa asara ne. A wurin Mahaliccinsu da iyayensu kuwa ba haka ba ne. Makarantun kuɗi, har da na ekklesiya, sun san wannan jarraba sarai: in aka hana raunana shiga jarrabawar fita, sai sakamako ya yi kyau a allon sanarwa. Bai kamata a koya wa makarantar Gwamnati wannan hali ba, gama in ta rufe ƙofa, ɗan talaka ba shi da wata.

Bambanci na biyu shi ne lokaci. Mai kanti ya kan san ribarsa kafin ya kwanta. Abin da malamin aji 1 ya shuka, sai bayan shekara 15 ko 20 a ke ganinsa, sa'ad da yarinyar ta zama ungozoma mai amana ko yaron ya zama magidanci mai riƙon gaskiya. Ƙasar Gwandu ta san wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a nan yana koyarwa yana rubutu, yau kusan shekara 200 da rasuwarsa ana karanta littattafansa. Wane akawu ne zai iya lissafa wannan a ƙarshen zango?

Na uku, mai ciniki in bai ji daɗin kanti ba sai ya wuce na gaba. A birni mai hali ya kan cire ɗansa ya kai wata makaranta. A ƙauye sau da yawa makaranta ɗaya ce, ta gaba kuwa tafiyar awa guda ce a ƙasa. Saboda haka ku ba masu ciniki ba ne. Ku ne masu makarantar. Da harajinku da rabonku na arzikin ƙasa aka gina ta. Rancen da aka ci dominta kuma, 'ya'yan nan da ke cikin aji su ne za su biya in sun girma.

Sikeli ya auna kowa

To, ina mafita? A ganinmu a ɗauki littafin lissafin ɗan kasuwa, a bar masa halinsa na zaɓe da zubarwa. Sa'an nan in za a kafa sikeli, a kafa shi domin kowa. In za a rubuta mintin da malami ya makara, a rubuta kwanakin da albashinsa ya makara. In za a tambayi hedimasta me ya sa yara ba su iya karatu ba, a tambayi ofis littafi nawa ya aiko masa. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Wanda aka tara wa yara 100 a ɗaki ɗaya, da wane ma'auni za a auna shi? Ɗan kwangilar da ya yi ginin da ya tsage, a kafa sunansa a bango kamar yadda a ke kafa makin yara.

Tun 2023 Gwamnan Kebbi, Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, malami ne wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar N.U.T. ta ƙasa baki ɗaya. Ya san ƙurar alli, ya san kukan malamai. Wannan ya ba mu dalilin sa rai, ya kuma ba mu ƙarfin halin tambaya, gama ba za a ce ba a san ciwon ba.

Ku ma kuna da aiki, ba ya kuwa bukatar takardar digiri. Fiye da shekara 15 ke nan da Gwamnati ta umarta kowace makaranta ta kasance da kwamitin kula da ita, wanda a ke kira S.B.M.C. A cikinsa akwai hedimasta, da wakilin mai gari, da iyaye maza da mata, da shugabannin addini, da masu sana'a, har da wakilan yara. Ku tambaya ko na garinku yana zama. In an kira taro ku je, ku zauna tare da maƙwabtanku Musulmi, gama rufin da ke yoyo ba ya tambayar addinin yaro. Iyaye mata, kada ku bar wa maza wannan kujera, ku ne kuka fi sanin yaron da ya daina zuwa da dalilinsa.

In kun je, ku yi tambaya cikin ladabi. Malam, yara nawa ne a rajista, nawa ne suka zo yau? Malamai nawa aka rubuta wa makarantar nan, nawa ne mu ke gani? Wane kuɗi ya shigo bana, me aka yi da shi? Waɗanda suka fara aji 1 shekara 5 da suka wuce, nawa ne suka kai aji 6, sauran suna ina? Wannan ta ƙarshe ita ce tambayar da ba a cika yi ba, ita ce kuwa ta fi nuna lafiyar makaranta.

A gida kuma kuna da ma'aunin da ba mai iya yi masa coge. Da dare, bayan tuwo, ku miƙa wa ɗanku na aji 3 ko aji 4 wani rubutu na Hausa wanda bai taɓa gani ba, ko da wannan shafi ne, ku ce ya karanta muku layi 3, ya faɗi abin da ya gane. Ku ba shi lissafin cefane: mudu 3 a kan naira kaza, nawa ne canji? In ya iya, ku je ku gode wa malaminsa, gama godiya tana ƙara wa malami ƙarfi fiye da yadda ku ke zato. In bai iya ba, kada ku doke shi, kada kuma ku zagi malam a gabansa. Ku je makaranta ku ji inda matsalar ta ke, ko ta aji ce, ko ta ofis, ko ta yawan aiken da a ke yi masa a gida ranar makaranta.

Masu tsara manufa a Birnin Kebbi da Abuja za su ci gaba da kawo sababbin shirye-shirye da sababbin sunaye, waɗansu kuwa za su amfane mu. Duk wanda ya zo, mu karɓe shi hannu biyu, mu tambaye shi abu biyu: wa za a auna, wane yaro ne kuma ba a sa shi cikin lissafin ba? Allah ya ba shugabanninmu hikima da riƙon amana, ya ba malamai haƙuri, ya raya mana 'ya'yanmu duka.